Tulun Yakura da Jan Iri

Ni na fara ganin motar nan kafin kowa a Dogon Gawo, duk wanda ya ce maka shi ne ƙarya yake yi. Ina kan tudun bayan gari ina sassabe, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, na hango ta tana tahowa daga wajen Dungas, tana nishi cikin rairayi kamar saniya mai tsohon ciki. Yunwa uku ta same ni a duniya ban mutu ba, kuma idona bai taɓa yaudarata ba. Amma labarin ba nawa ba ne. Na Yakura ne, matar yayana Maina, macen da ta fi kowa taurin kai daga nan har Magarya.

Damina biyu a jere sama ta hana mu ruwa. Mutane suka cinye abin da ke rumbu, suka share ƙasan rumbun, suka koma kan dusa da tafasa, daga baya har gidan tururuwa aka tona. Irin shuka kuwa tuni ya bi ta tukunya. Yanzu ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace la'asar, gonaki a share, amma babu mai ko tafin hannu ɗaya na geron da zai zuba a rami. Don haka da motar ta tsaya a ƙofar gidan Maigari aka sauke buhu ashirin na iri, har tsofaffin da ba sa iya tashi sai da aka riƙo su suka zo gani.

Wanda ya diro daga gaban motar kuwa Harouna ne, ɗan ƙanen Yakura. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Magarya, ya tsallaka wurin dangin uwarsa a Najeriya ya yi shekara biyu a makarantar aikin gona, ya dawo da takarda da agogo da Ingilishi. Wata ƙungiyar taimako ta ɗauke shi aiki, don shugabansu ba ya jin Faransanci balle Hausa. Yaron kirki ne, a bar gaskiya. Sai dai tun da ya dawo, ko gishiri zai roƙa sai ya fara gyara murya.

Aka zauna gindin gawo. Harouna ya buɗe kaye, littafinsa na rubutu, a kan gwiwarsa, ya ciro bik, alƙalaminsa, daga aljihu.

“Ranka ya daɗe, kafin a raba, an ce in rubuta sunan masu sikil na garin nan. Su ne za su zama kwamiti, su za a riƙa tambaya a kan maganar shuka.”

Maigari ya karkato kunne. “Masu me?”

“Sikil. Kalma ce ta Ingilishi. Wato iyawa, amma ba kowace irin iyawa ba. Wadda mutum ya zauna aka koya masa, aka gwada shi, aka ga ya ƙware. Ana cewa wane yana da ita a ɗinki, wane yana da ita a tuƙi.”

“To ai gwaninta ke nan,” in ji Maigari.

“Ta yi kusa, ranka ya daɗe, amma ba ta kai ba.”

“Baiwa fa?”

“Wannan daban. Ita Allah ke ba mutum tun yana ciki, tana da tata kalmar. Wannan da nake faɗa sai an sha wuya a kanta, kuma ya fi kyau a ce akwai shaida.”

Yakura tana daga baya cikin mata, ta tsuke baki tana kallon buhunan. Tun da aka fara surutun kalmar nan take jin haushi. Ga hadari a kan mutane, ga ciki babu komai, an zauna ana auna kalma kamar za a shuka ta.

Harouna ya rubuta sunansa a farko. Ya rubuta Mutari tela, don yana da keken ɗinki kuma a Damagaram ya koya. Ya rubuta wani da ya taɓa yin yaron mota zuwa Zandar da Kano. Ni ma na ce a rubuta ni, aka ce a me, na ce a komai, aka yi dariya, na bar su da jahilcinsu.

“Kai ɗan nan,” in ji Yakura daga baya, “telan ne zai gaya mana ranar shuka? Da allura zai yi ramin?”

Mata suka fashe da dariya. Mutari ya murtuke fuska.

“Gwaggo, ki yi haƙuri, tsari ne.”

“To ni a wane layi nake? Shekara arba'in ina zaɓen iri a gidan mijina.”

Harouna ya sosa ƙeya da gindin bik. “Naki, Gwaggo, ai al'ada ce. Babu gurbinta a nan.”

Ta ja tsaki mai tsawo, ta ratsa maza ta isa wurin buhun da aka kwance wa baki. Abin da ta gani ya sa ta tsaya. Irin ja ne jawur, an turbuɗe shi da wani garin magani, ba ka ganin kalar ƙwayar ko kaɗan. Ta cusa hannu ta damƙo.

“Gwaggo! Guba ce! Don ƙwari aka sa, kada ki kai baki!”

“Na ji. Ba yau aka haife ni ba.”

Ta ƙulle shi a bakin zane ta yi gida.

A tsakar gida ta zuba shi a ƙoƙo, ta wanke da ruwan toka, ta zubar, ta sake wankewa, har sau bakwai, sai da ruwan ya fita fari. Ta shanya a faifai. Da ya sha iska ta ɗauki ƙwaya ta mirza tsakanin yatsu, ta juya ta a rana, ta sa a haƙorin gaba ta fasa, ta tofar. Ta sake ɗaukar wata. Ta ɗauki ta uku don kawai kada ta zalunci yaron.

Maiwa ce. Kuma ba irin maiwar da wasu ke sakawa a fadamar Waca ba, ta can kudu ce, inda ruwa ke kai wa wata shida yana zuba. Gerommu na nan kwana saba'in zuwa tamanin ya isa yanka. Wannan kuwa ba za ta fitar da kai ba sai bayan damina ta tattara kayanta ta tafi da daɗewa. A ƙasar da ruwa ya saba ɗaukewa tun kafin a gama noman biyu, shuka ta daidai yake da zuba iri a rijiya.

Ta koma gindin gawo ta faɗa musu. Harouna ya saurara har ta gama, sannan ya yi murmushin nan nasa da ke sa ta ji kamar ta kwaɗa masa muciya. Ya aika aka ɗauko wani jiƙaƙƙen tsumman buhu daga mota, ya warware a gaban jama'a. Ga ƙwayoyi a jere, kowace ta fitar da farin tsiro.

“Ɗari na jera da hannuna kwana huɗu da suka wuce. Casa'in da uku sun tsiro. Wannan shi ake kira gwaji, Gwaggo. Haka aka koya mana.”

“Na ce maka ba za ta tsiro ba? Za ta tsiro! Za ta fi ka tsawo, ta fi ubanka! Kai nake tambaya, yaushe za ta yi kai?”

“A takardar an rubuta iri mai kyau.”

“Takardar ta taɓa cin tuwo?”

Mutari tela ya gyara hula ya ce, “Mu dai kwamiti mun gamsu.”

Kai jama'a! Yakura ta dube shi daga sama har ƙasa. Mutumin da ko a shekarar albarka gonarsa ce ke fara cika da ƙuduji.

Maigari mutum ne mai sanyin hali, bai so a yi rigima. Ya ce, “Yakura, na ji ki, kuma ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ki gaya mini abu ɗaya. In ba mu shuka wannan ba, mu shuka me? Tsakuwa?”

Nan bakinta ya mutu. Ba don ba ta da amsa ba. Don tana da ita ne.

A ɗakinta, ƙarƙashin inda take shimfiɗa tabarma, akwai tulu a binne. Shekarar ƙarshe da aka yi albarka ta bi gona zangarniya zangarniya ta zaɓi waɗanda suka fi cika suka kuma riga nuna, ta sussuke da kanta, ta cakuɗa da toka, ta cika tulun, ta liƙe bakinsa da yumɓu, ta binne ranar da Maina ya tafi kasuwar Bande. Tiya goma sha biyu. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma ƙa'idar abin guda ce: ba a gaya wa namiji, don namiji in ya ga iyalinsa da yunwa ba ya iya tuna baɗi.

Ta riƙe ƙa'idar. Lokacin da ƙafafun Maina suka kumbura har ba ya iya sa takalmi, ya taɓa dubanta ya ce, “Yakura, babu ko ɗan abin da ya saura a wani lungu?” Ta dube shi ido cikin ido ta ce babu. Ta dafa masa tafasa da ɗan kanwa, ya ci yana zaune a kan tabarmar nan, gero tiya goma sha biyu na ƙarƙashinsa. Jikarsu Zouera gashinta ya koma ja ya riƙa zuba, Yakura ta goya ta tana zagaya ɗakin, ba ta tona ba. Allah ya sa duk sun rayu. Amma a garin akwai gidajen da ba a rayu ba.

Niyyarta da, in ruwa ya sauka ta ciro kaɗan kaɗan ta ce wata ƴar'uwa ce ta aiko mata daga Sassumburum, su shuka gonarsu shiru. Yanzu kuwa ga gari duka zai zuba ƙarfinsa na ƙarshe a kan maiwa. In ta yi shiru, gidanta zai ci, sauran su sake shiga abin da suka fito. In ta yi magana, Maina zai san a kan me ya zauna.

Kwana biyu tana fama da wannan, tana huce haushinta a kan turmi da kaji da duk wanda ya gifta. Ta sake samun Harouna a gidan ubansa.

“Ka wanke ka fasa da haƙorinka, ka ji bambancin.”

“Gwaggo, ba a koya mana gwaji da haƙori ba.”

“To me aka koya muku yi da shi? Murmushi?”

Ta samu Maigari, ya ce kwamiti. Ta samu liman, ya ce a yi addu'a. Ni kaɗai na ce mata tun daga yadda buhunan suka zauna a motar na san akwai magana, ta ce in rufe mata baki, wai ni ko buhun gawayi aka kawo haka zan ce.

Ran Laraba da la'asar ruwa ya sauka, irin wanda ke jiƙa ƙasa har tsawon hannu. Da gari ya waye kowa ya fito da sungumi da ƙwarya, aka taru a ƙofar Maigari za a raba jan iri. Maina ya saɓa sunguminsa zai fita, Yakura ta tsaya a bakin ƙofa.

“Malam, ajiye wannan. Ɗauko hauya.”

“Hauya kuma? Yau shuka za a yi.”

“Ɗauko dai.”

Ta janye tabarmar, ta nuna masa wurin da ƙafa. Ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya fara tono. Da bakin hauyar ya taɓa yumɓu ya tsaya. Ya durƙusa ya ƙarasa da hannu, yana share ƙasa daga wuyan tulun a hankali, kuma duk tsawon aikin bai ɗago ya dube ta ba. Da a ce ya zage ta da ta fi jin daɗi.

Ni da shi muka ɗauki tulun a kan itace biyu har gindin gawo, kuma ni ne a ɓangaren da ya fi nauyi. Yakura ta karɓi dutse ta fasa yumɓun, ta cusa hannu, ta ɗebo, ta hure tokar. Gero ya bayyana, ɗan siriri mai ruwan ƙasa, irin namu da kowa ya sani tun yana yaro.

Mutari ya yi tsalle.

“La ilaha illallahu! Muna binne mutane, ke kina kwance a kan hatsi!”

Wasu suka ɗauka. Wata mata da ta rasa ɗanta a bazarar ta juya baya tana kuka. Yakura ta juya ta fuskanci Mutari.

“Tiya goma sha biyu ce, Mutari. Kai da kake kwamiti, auna mana. In na dafa wa garin nan, kwana nawa za ta kai ku? Yini ɗaya! Ku ci da rana, da safe ku tashi da yunwarku, yau kuma ku tsaya a nan babu abin zubawa a rami sai wannan jan abin. Kuna tsammani daɗi na ji? Mijina ya tambaye ni da bakinsa, ƙafarsa kamar turmi, na ce masa babu. Ga shi nan tsaye, ku tambaye shi. In za ku tsine mini ku tsine, amma ku yi sauri, ƙasa tana shanye ruwa.”

Kowa ya juya wajen Maina. Shi kuwa idonsa na kan tulun.

Ana cikin haka tsohuwa Daso, wadda ta fi kowa shekaru a garin, ta dogara sandarta ta tashi ta tafi. Aka ɗauka fushi ta yi. Can sai ga ta tana dawowa, tana rungume da wani gora da ƙasa ke manne a jikinsa. Ta dire shi kusa da tulun.

“Nawa tiya uku ne,” ta ce. “A haɗa ni a tsinuwar.”

Kafin rana ta ɗaga sosai, tulu biyu da gora huɗu ne a gindin gawo, kuma mazan gidaje shida suna tsaye suna kallon matansu kamar yau suka fara ganinsu. Mutari ya zame ya koma bayan jama'a, don gora na ƙarshe daga ɗakin uwarsa ya fito.

Harouna ya matso, kayensa a hammata. “Ranka ya daɗe, ni fa an ce in kai bayani. In aka ƙi irin ƙungiya, me zan ce?”

“Ba a ƙi ba,” in ji Maigari. “Kowane gida ya karɓi rabin tiya na matan nan ya sa a gonar da ta fi kusa da gida, ta fi taki. Jan kuma a kai gonakin nesa. Allah ya nuna mana.”

Yakura ta so ta ce wahalar banza ce kai ƙarfi gonakin nesa, amma ta gaji. Ta zauna ta riƙa aunawa da kanta, tana faɗa wa kowa, “Ƙwaya biyar a rami, ba goma ba. Ba sadakar Juma'a ba ce.” Gida uku suka ƙi karɓa, har da na Mutari, wai su ba sa shuka abin da aka ɓoye wa mamata.

Jan iri ya tsiro, wallahi ya tsiro. Ya yi kore shar, ya yi ganye kamar rake, duk wanda ya bi hanyar Dungas sai ya tsaya ya yaba. Harouna yakan zo da wani dogon ma'auni ya auna tsawonsa ya rubuta. Geron matan kuwa gajere, ba shi da wani kwarjini. Mutari kullum in ya ga Yakura sai ya ce, “Ina kwana, mai haƙori? Yaya ƴan wadanninki?” Ita kuma ta ce ya je ya ɗinke bakinsa tun da zare bai yi tsada ba. Maina kuwa yana noma, yana cin abin da ta ba shi, yana amsa gaisuwa, amma hirar da suka saba yi bayan la'asar ta mutu. Wannan ya fi maganar Mutari ci mata rai sau goma.

Kwana hamsin da ƴan kai geron matan ya fitar da kai. Ya yi bununi, ya yi ido. A kwana na saba'in da biyu ruwa ya yi saukarsa ta ƙarshe, sama ta washe kamar an share ta. A makon nan aka gasa tumun farko a Dogon Gawo bayan shekara biyu, Zouera ta ci har ta ɓata fuska da baƙi. Jan iri yana can tsaye ya fi mahayin raƙumi tsawo, babu kai ko ɗaya. Ya jira ruwan da ba zai zo ba, ya yi rawaya daga ƙasa, ya bushe. Awakin da suka rage su suka ci moriyarsa. Abin da aka yanka a gonakin gida bai cika rumbu ba, amma ya kai mutane har wata damina, kuma gidaje ukun nan da suka ƙi, daga ciki aka tara musu.

Bayan an gama ɗaurin dammuna Harouna ya zo gidan da hantsi. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna nesa da turmi.

“Gwaggo, na zo in rubuta ki.”

“A layin al'ada?”

“A layin farko. Na goge nawa.”

“Mayar da naka, sakarai, ai tsiron da ka ƙirga ya tsiro. Sake gaya mini ma'anar kalmar taka tukuna.”

Ya sunkuyar da kai. “Iyawar da aka koya wa mutum, aka gwada shi, aka ga ya ƙware.”

“To uwata ta koya mini. Gwaji kuwa, shekara biyu ana yi mini shi a ɗakin can, ban ga wanda ya zo da agogo ya duba ba. Rubuta Daso kafin ni, ta girme ni. Sannan ka kawo haƙoran nan naka gobe, in nuna musu aikinsu.”

Yana cikin rubutu sai ga Maina ya shigo, ya dawo daga kasuwar Bande, yana ɗauke da sabon tulu a kafaɗa. Ya sauke shi a gabanta, ya ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa don ta ji ba shi da tsaga.

“Wannan ya fi wancan girma,” ya ce. “In kin cika shi, ki bari sai na tafi kasuwa. Kuma ko na tambaye ki, ko ina kuka, ki ce babu.”

Yakura ta juya tulun tana duba gindinsa, don kada su ga idonta. “An cuce ka,” ta ce. “Bakinsa a karkace yake.”

Haka aka yi, ni na gani, ni na ɗauki tulun. Wanda ke ganin ƙari na yi, hanyar Dogon Gawo ba a rufe take ba. Ya zo ya same ni gindin gawo, in zuba masa gero a hannun dama, maiwa a hannun hagu, in shafe su da jan gari, ya gaya mini wanne ne wanne. In ya faɗa daidai, in ba shi hulata ya tafi da ita. In ya kasa, ya shuka abin da ya zaɓa, ya zauna ya jira.